Da Sauƙi, In Ji Ni

Wata huɗu ke nan da binne Mama, amma har yau in na ji wani a kasuwa ya kara waya a kunne yana cewa "jiki da sauƙi," sai in bar awo in bi shi da kallo. So nake in gane wane irin sauƙi yake nufi. Masu jinya nake rubuta wa wannan, musamman waɗanda ke da ɗan'uwa a nesa. Sati takwas cur mahaifiyata ta yi tana roƙona in ce wa ɗanta na fari ya zo, ni kuwa duk Lahadi in ya kira sai in ce masa da sauƙi.

Sunana Masi. A wajenmu mutanen Michika, sunan yana nuna ni ce haihuwa ta biyu. Na farin shi ne yayana Tizhe, wanda ke aikin gadi a Legas. Hatsi nake sayarwa a kasuwar Jimeta, sana'ar da ke koya wa mutum duba gindin mudu kafin ya dubi fuskar mai mudun. Mijina yakan ce ko ruwan sama ne ya sauka sai na tambayi wanda ya aiko shi, kuma ban taɓa musa masa ba. Wanda ya bar garinsu a guje da kayan coci a jikinsa, ba ya ƙara karɓar murmushi kyauta.

A unguwar Demsawo muke haya, ɗaki biyu a gidan Hajja Dudu, wata tsohuwar Bafulatana 'yar asalin cikin garin Yola. Shekararmu ta farko a gidan, duk kunun da ta aiko mana a bayan ɗaki nake zubarwa, in wanke kwano in mayar da godiya. Mama kuwa sha take har da neman ƙari, kafin a ankara sun zama ƙawaye. Dukansu biyu Hausarsu ba ta san mace ba, kowa "kai" ne, kowa "shi" ne. Haka za su zauna a gindin darbejiya suna ɓare gyaɗa, wannan da carbi a wuya, waccan da waƙar coci a hanci, ni ina leƙe ta taga ina tunanin me Hajja ke nema a wajenmu.

Ciwon bai zo da hayaniya ba. Mama ta fara ture tuwo tana cewa bakinta babu daɗi, da yamma kuma jikinta ya ɗan yi zafi. Na je kemis, yaron kemis bai ko ɗago kai ba ya ce maleriya ce da taifot, ya haɗa mana ƙwayoyi a leda. Sati biyu muna kan wannan. A sati na uku ina ɗaura mata ɗankwali za mu tafi coci, sai na ga farin idonta ya koma kalar ruwan ƙwai. Fitsarinta kuma kamar shayin da aka manta a kan wuta.

Nan fa kowa ya zama likita. Ciwon shawara ne, in ji mutane, kuma shawara ba ta son allura. Anti Kwanye, ƙanwar Mama, ta taso daga Damare da damin rake da wata saiwa a galan, ta ce a sha safe da yamma, a yi sirace da ganyen gwanda. Na karɓa na yi godiya, amma sai da na sa Anti ta fara kurɓa a gabana, domin akwai gonar kakanmu a gida da aka daɗe ana ja-in-ja a kanta. Ta kurɓa, ta harare ni, ta ce Allah ya shirye ni. Mun ɓata sati biyu kan rake da saiwa, kuma wannan shi ne gargaɗina na farko: in ido ya yi rawaya, a nufi asibiti a ranar.

A cikin satin nan ne Mama ta fara maganar. Ina shafa mata mai a baya saboda ƙaiƙayin da ya hana ta sukuni, ta ce, "Masi, ka ce wa yayanka ya zo."

Na ce to.

Sai na faɗi dalilin da ya sa "to" ɗin nan ba ta fita daga ɗakin ba. Ranar da 'yan ta'addan da muke kira yaran daji suka shigo Michika, mashin ɗaya ne a gidanmu, na Tizhe, da shi yake acaɓa. Baba yana da ciwon gwiwa, ba ya iya gudu. Shi ya ce a fara fitar da mata, ni ina da tsohon ciki a lokacin, in ya so a dawo a ɗauke shi. Tizhe ya goya ni da Mama har wata makarantar firamare a hanyar Mubi, inda jama'a suka taru. Ya kafe mashin, ya je neman fetur a kwalba don ya koma. Da ya dawo sai ya ce babu makulli. Ya duba aljihu, ya tona ƙasa, ya tambayi mutane. Kafin la'asar ƙarar bindiga ta matso, aka cusa mu a bayan wata babbar mota, muka bar mashin a nan. Ba mu ƙara ganin Baba ba, ba mu kuma samu wanda ya ga gawarsa ba.

A Sangere, kusa da Yola, muka fara sauka, mu goma sha wani abu a ɗakin wani ɗalibi ɗan garinmu. A nan, a gaban mutane, na dubi Tizhe na ce ɗan acaɓa ba ya rasa makulli, tsoro ne ya hana shi komawa. Na ce, "Kai ka kashe shi." Bai ce uffan ba. Bayan sati biyu ya hau mota zuwa Legas, kuma fiye da shekara goma bai tako Adamawa ba. Yana aike, yana kiran Mama duk Lahadi bayan an tashi coci, amma ni da shi gaisuwa ce kawai, ita ma a tsaye.

Da jikin Mama ya yi nauyi, wayarta ta dawo hannuna. Ya kira, in ɗauka.

"Masi, ya jikin Mama?"

"Da sauƙi."

"An je asibiti?"

"Ana shan magani. Da sauƙi sosai."

In na kara mata a kunne, ita ma abin da za ta ce ke nan, don haka aka koya mana duka. Ko mutum yana shure-shuren mutuwa aka ce ya jiki, da sauƙi zai ce, kada ya zama mai raina alherin Allah. Ba ta taɓa ce masa ya zo da bakinta ba, ta san halinsa, zai yi ta kawo uzurin aiki. So take ya ji daga wajena, don ya san ƙofa a buɗe take. Ni kuwa na samu wurin ɓuya mai kyau. Ba wanda zai ce na yi ƙarya, al'ada na bi. In ta tambaye ni ko na faɗa masa, sai in ce na faɗa, ogansa ne ya hana shi hutu.

Sati na shida cikinta ya kumbura kamar mai juna biyu, ƙafafu suka ƙi shiga silifas. Muka ɗauki Keke mai ƙafa uku zuwa babban asibiti a Yola. Wanda bai taɓa bin layin kati ba, ya tafi da abin zama da ruwan sha. Mun isa da sassafe, muka tarar da mutane sun riga sun jera duwatsu da takalma a madadin kansu. Ranar farko kati kawai muka samu. Rana ta biyu aka ce fayil ɗinmu bai iso ɗakin likita ba, na bi shi ofis uku da ƙafata, na same shi a ƙarƙashin kular abincin wani ma'aikaci. Na tabbata jira yake in sa hannu a jaka, na tsaya a kansa ina kallonsa har ya gaji ya miƙo. Aka ɗebi jini, aka tura mu hoton ciki, kowanne da layinsa da tagar biyansa. Buhunan masarar da na ajiye don damina haka suka bi juna.

Likitan da ya duba sakamakon yaro ne, bai kai shekaruna ba. Ya daɗe yana kallon takarda, sannan ya ce Mama ta ɗan jira a waje. Ya ce akwai ƙwayar cutar hanta da ta daɗe a jikinta ba a sani ba, yanzu ta haifar da ƙari. Sai ya faɗi kalmar da ta tsaya mini a wuya.

"Madam, abin da za mu yi yanzu shi ne maneji. Za mu yi manejinta."

A kasuwa na san maneji. In mace ta zo kuɗinta bai kai mudu ba, ta ce a ba ta rabi za ta yi maneji, wannan shi ne. Sai na ɗauka ya dubi silifas ɗinmu ne, ya ji Hausar Mama, ya ce 'yan gudun hijira ne, a ba su na talakawa. Raina ya ɓaci.

Na ce, "Likita, ba maneji muka zo ba. Ka rubuta na gaskiyan, wanda kake rubuta wa masu mota. Ko me zan sayar zan nemo."

Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, "Ko matar gwamna ce, abin da zan faɗa ke nan. Ciwon ya wuce inda magani ke kaiwa. Za mu rage mata zafi, mu cire ruwan cikin in ya dame ta. In akwai wanda ya kamata ya gan ta, ya zo yanzu. Ku ma 'ya'yanta ku yi gwaji."

Kunnena ya ji, zuciyata ta ƙi. Na kwashi takardun na kai wani asibitin kuɗi a Jimeta, likitan can ya faɗi magana iri ɗaya, har da kalmar. Maimakon in yarda, sai na ce ai duk bakinsu ɗaya, wataƙila ma sun yi waya. Ranar Lahadi Tizhe ya kira na ce da sauƙi, har an gano ciwon.

An kwantar da ita a babban asibitin kwana shida aka zuƙe ruwan. Zan yi ƙorafi kan gadon da muka jira yini guda, da bayan gidan da ba ya shiguwa, da maganin da kullum sai an ce babu a saya a waje. Amma akwai wata nas mai tabon ƙuna a hannu da ba zan manta ba. Ita ta koya mini yadda ake juya mara lafiya ba a ja masa fata ba, ta kuma riƙa kiran Mama "Kaka" tana tsokanarta har ta yi dariya. Kwana biyu ina jiran in ji abin da za ta nema a wajena. Ba ta nemi komai ba, ranar sallama ma ba ta kan aiki, ban samu na gode mata ba.

Da muka dawo gida sai masu dubiya suka buɗe. Matan zumunta na cocinmu sukan zo ranar Talata da anko ɗinsu, su cika ɗaki da waƙa, su kawo sabulu da omo. Allah ya saka musu. Sai dai ba mai yarda a ambaci mutuwa. Mama ta ce a ciro mata zanen zumuntarta a wanke a goge, da shi take so a binne ta. Shugabarsu ta daka tsalle.

"Mama Rifkatu, kar ki ƙara furta wannan! Ba za ki mutu ba, cikin sunan Yesu!"

Mama ta dube ta da idon nan rawaya ta ce, "To wa zai mutu? Kullum muna waƙa za mu je gidan Uba, yanzu mota ya zo kuna cewa kar in shiga."

Aka yi dariyar dole. Ni ban yi ba. A raina na ce wani ne ya sa mata wannan tunani, na fara lissafin waɗanda suka shiga ɗakin ba na nan.

Wata Lahadi da rana, na gama waya da Tizhe a tsakar gida, sai na ga Hajja Dudu a bakin ƙofarta tana tsintar shinkafa. Ashe ta ji komai. Ta yafuto ni.

"Masi, ɓingel am, yarona, zauna. Wannan ciwo na san shi, shi ya ɗauki Alhaji mijina. Ba ya kashe mutum kai tsaye. Hankali yake fara ɗauka, sai baki ya rufe, mutum yana numfashi amma ba ya nan. Mamanka yana da magana a ciki, kullum yana gaya mini yana jiran yaro. Ka daina ce masa da sauƙi."

Na ce na ji. Na tashi ina cewa a raina ba ta son a mutu mata a gida ne, so take ɗan ya zo ya kwashe mu zuwa Michika ta sa sababbin 'yan haya. Kunya nake ji yanzu ina rubuta wannan. Matar nan ita ke dama wa Mama kunun gyaɗa kullum, shi kaɗai ne abin da ke zama a cikinta.

A sati na goma sha ɗaya Baba Fasto ya zo da jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon ruwan inabi, a ɗan faranti da farin ƙyalle a kai, kamar yadda ake kai wa waɗanda ba sa iya zuwa coci. Na san za ta ƙi, domin tun da muka zo Yola Mama ba ta taɓa karɓa ba. In aka zo rabawa sai ta sunkuyar da kai a wuce ta. Na daɗe ina zargin faɗa ta yi da wata a zumunta. Fasto ya yi addu'a, ya miƙo gurasa, ta kau da kai.

"Ban shirya ba, Baba."

Ya ce, "Mama, ba don mun isa muke karɓa ba."

"Na sani. Ka dawo in yaro ya zo."

Ya rufe farantinsa, ya dube ni na ɗan lokaci, ya fita. Ina raka shi na dawo, Mama ta ce in zauna a bakin gado.

"Ka faɗa wa yayanka?"

"Na faɗa, Mama. Aiki ne."

"Masi, ni na haife ka. In ka yi ƙarya hancinka yana zufa tun kana yaro. Ɗaga katifa ta wajen kai."

Na ɗaga. Wani tsohon gwangwanin man shafawa ne, a ciki akwai ƙullin tsumma. Na kwance. Makullin mashin ne, da ɗan jan robar nan da Tizhe ke rataya shi. Na gane shi tun kafin ya gama fitowa daga tsumman.

Ta ce, "Da ya tafi neman mai, ya bar shi a jikin mashin. Ni na zare, na ɗaure a bakin zani. Na ji harbi, na ce na ba da miji, ba zan ƙara da ɗa ba. Ina kallo yana tona ƙasa. Ina kallo a Sangere ka zage shi. Na yi shiru, don in na yi magana ni za ku tsana."

Abin da na fara ji ba tausayi ba ne, haushi ne, irin na wanda aka yi wa awo da mudun ƙarya shekara da shekaru, kuma a cikin gidansu. Na zargi likita, na zargi Anti, na zargi tsohuwar da ke ba mu kunu, ashe abin yana ƙarƙashin katifar da nake gyarawa kullum.

Ta ci gaba a hankali, tana hutawa tsakanin magana. "Ba mutuwa nake tsoro ba. Yesu ya shiga wurin ya fito, hanya ba sabo ba ne. Na roƙe Shi gafara tun a bayan motar nan, na san Ya ji. Amma yaron da ya ɗauki kayana a kansa, shi ban roƙa ba. Yaya zan ci gurasar Ubangiji da wannan a ɗaure? Da Allah ya ɗauke ni farat ɗaya, da na tafi da shi. Sai Ya ba ni ciwo mai ba da notis. Kullum da safe ina gode Masa. Aiki ɗaya ya rage mini a duniya, kai kuma ka tsaya a bakin ƙofa."

Ban jira Lahadi ba. A tsakar gida na kira shi, Hajja tana ji.

"Yaya, ƙarya nake maka. Babu sauƙi. Mama mutuwa take yi, kuma tun kafin bikin Ista take cewa ka zo."

Na duba ko wayar ta yanke. Sai ya ce, "Masi." Bai ƙara komai a kai ba, kuma da zagina ya yi da ya fi mini sauƙin ɗauka. Ya ce gobe zai hau mota, ko an ba shi hutu ko ba a ba shi ba.

Na ce wa Mama ta faɗa masa a waya kawai, tun da bakinta yana aiki. Ta ƙi. Ta ce wannan ba maganar waya ba ce, sai tana ganin idonsa. Washegari da safe ta danƙa mini gwangwanin ta ce, "In bakina ya rufe, kai za ka faɗa. Ka faɗa yadda yake, kar ka gyara." Na ce ai zai iso. Da azahar ta fara kirana da sunan mahaifiyarta. Hausa ta gudu daga bakinta, sai yarenmu, shi ma a tsinke, hannuwanta suna karkarwa. Ranar Laraba barci kawai take, ko kunun Hajja bai shiga ba. Motar su Tizhe kuma ta lalace a hanya, suka yi rabin yini a bakin titi. Duk kiran da ya yi sai in ce masa tana numfashi, don shi ne gaskiyar da nake da ita.

Ranar Alhamis da hantsi Keke ya tsaya a ƙofar gida. Da a kasuwa na gan shi da na wuce shi: ya rame, furfura ta cinye rabin kansa, tafiyarsa ta koma ta Baba sak. Hajja ce ta fara tarbarsa. "Jabbama, sannu da zuwa, ɗana. Shiga, yana jiranka." Ya durƙusa a gaban gado ya kira Mama sau uku. Idonta a rabin buɗe, ƙirjinta yana hawa yana sauka, amma babu alamar ta san an shigo.

Da an bar ni, da na ce ya huta ya ci abinci tukuna. Amma na ga yadda kwana biyu suka cinye bakin Mama, ban ƙara yarda da anjima ba. Na ɗauko gwangwanin na zauna a ƙasa kusa da shi. Na faɗa yadda ta faɗa, ban gyara ba. Na ce Mama ta ce ita ta zare, ta ɗaure a bakin zani, ta bar ka da laifin. Ta ce ka yafe mata. Muryar da ta ce masa ya kashe Baba, ita ce dai ta kawo masa wannan saƙon, ban ga hukuncin da ya fi dacewa da ni ba.

Ya karɓi makullin ya juya shi a tafin hannu. Na zaci zai yi ihu, ko ya tashi ya fita. Sai ya matsa ya sa bakinsa daidai kunnenta.

"Mama, Tizhe ne. Na gani. Ina dawowa da kwalbar mai na hango lokacin da kika zare."

Ya ɗago ya dube ni, hawaye yana bin gemunsa. "Mashin ko babu makulli yana tashi, Masi. Waya biyu ne za ka haɗa, ba ɗan acaɓar da bai iya ba. Da na ga ta ɗauke, daɗi na ji. Na tona ƙasa ne don mutane su gani. Abin da kika faɗa a Sangere gaskiya ne, shi ya sa ban amsa ba."

Shekara goma ina so a ce ni ce mai gaskiya, ga shi an ce, kuma ban taɓa jin abu mai ɗaci kamarsa ba. Ya koma kunnenta ya ce ya yafe, ita ma ta yafe masa, ya bar ta ta ɗauka ita kaɗai alhali su biyu ne. Ya faɗa da Hausa, ya sake faɗa da yarenmu. Na buɗe baki in kawo nawa neman gafarar, ya ɗaga mini hannu ya ce, "Ke naki sai gobe. Yau na Mama ne." Washegarin na kawo, kuma ya karɓa.

Ranar Juma'a Baba Fasto ya dawo da farantinsa. Mama ba ta iya haɗiya, sai ya tsoma yatsa a ƙoƙon ya taɓa mata leɓe. Ni da Tizhe muka karɓa a durƙushe a gefen gadon, shi ma ashe rabonsa da jibi tun Michika. Hajja Dudu tana zaune a bakin ƙofa daga waje, ta juya baya don kunya, tana jan carbinta. Mama ta cika ranar Asabar, rana ta ɗan ɗaga, Tizhe yana riƙe da ƙafafunta. Ba ta farfaɗo ba, ba ta matsa hannun kowa ba, ba ta yi ko ɗaya daga abubuwan da ake ba da labari ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, muna tattara kujerun da aka aro daga coci, ya tsaya da kujera biyu a hannu.

"Masi, kina ganin ta ji?"

Na san amsar da ake bayarwa, kuma na san zai karɓa in na ba shi. Na ce, "Ban sani ba, Yaya. Ni na ci mata kwanakin da za ta ji." Na ajiye kujerar da ke hannuna. Abin da ya fito daga bakina bayan nan ban shirya shi ba, na kuma juya shi ta kowane gefe tun daga ranar, ban samu inda na daina yarda da shi ba.

"In ba ta ji ba, za ka sake faɗa mata a gidan Uba. Ita da Baba, suna zaune, ba mai gudu ko'ina."